Kafin a Tafa wa Mutum-mutumi, a Tambayi Abin da Zai Yi Idan Aiki Ya Ƙi

Masaƙin gargajiya ba ya bukatar a gaya masa zare ya tsinke. Hannunsa zai ji, idonsa zai gani, ya dakata ya ƙulla, ya ci gaba da aikinsa. Injin saƙa kuwa ko a jikinsa. Da an kunna shi zai yi ta bugu, da zare da babu, har ya fitar da yadi mai tsawo da aibu a tsakiyarsa, shi ya sa a masaƙun zamani na farko sai an tsayar da ma'aikaci a gaban inji yana zuba masa ido. Wani mutumin Japan mai suna Sakichi Toyoda ya ga wannan tsayuwa asara ce. A injin da ya kammala a 1924, kowane silin zare yana riƙe da wani ɗan siririn ƙarfe, da zarar zaren ya tsinke sai ƙarfen ya faɗi, injin ya tsaya cak. Injin yana da sauri, yana kuma sauya ƙoshiya da kansa, amma abin da ya 'yanta ma'aikaci daga gadinsa shi ne ya san lokacin da aikinsa ya ɓaci. Da haka mutum ɗaya ya koma kula da injuna da dama. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000, daga gidan Toyoda kuma kamfanin motoci na Toyota ya fito.

Shekara ɗari ke nan, kuma yanzu kusan kullum sai an turo mana bidiyon mutum-mutumi a waya yana taka rawa ko yana alkafura ko yana miƙa wa baƙi shayi, muna ta jinjina kai. Ni a ganina ba a nan ya kamata a auna shi ba. Duk abin da ake nunawa a bidiyo hanya ce da aka share, aka maimaita har ta yi santsi. Ingancin mutum-mutumi yana cikin ɓangaren manhajarsa da ba a nuna wa 'yan kallo, wato wanda ke bin sawun kowane mataki ya tabbatar an yi shi, da wanda ke yanke abin da za a yi idan matakin ya ƙi. Wannan ɓangare ne ake bari sai ƙarshe, lokacin da kuɗi ya ja baya kuma ranar miƙa aiki ta matso, alhali shi ya fi cancantar kuɗi da lokaci da gwaji, shi ne kuma ya kamata mai saye da hukuma su fara tambaya a kansa.

A ɗauki hannun ƙarfen da ke ɗora kwalaye a kan katako a masana'anta. Aikinsa jerin matakai ne: ya jira kwali ya iso a kan bel, ya sunkuya, ya zuƙe kwalin da iska ya kama shi, ya ɗaga, ya juya, ya ajiye, ya saki, ya dawo. Mai rubuta manhaja zai iya jera waɗannan a yini ɗaya, su yi aiki kuwa, a tafa masa. Sai dai ba da umarni daban, tabbatar an bi shi daban. Idan kwalin ya zo a karkace, ko ya jiƙe ya ƙi kamuwa, hannun zai ɗaga iska ya ajiye iska, ya ƙidaya ɗaya, sannan ya ɗora kwali na gaba a kan gurbin da babu komai, jerin duka ya rushe. Manhajar kirki tana yi wa kowane mataki tambayoyi kafin ta bar shi ya wuce. Kafin a fara, sharaɗinsa ya cika? Bayan an gama, akwai shaida daga na'urar awo, abin da makanikai ke kira sensa, cewa kwalin yana hannu da gaske? Sakan nawa aka ba matakin, kuma idan wa'adin ya wuce shiru, ina aka dosa? Tambayar da aka fi mantawa da ita kuma ita ce ko abin da sensa ke faɗa zai iya zama gaskiya a wannan mataki da ake ciki, domin sensa ma tana ƙarya.

Rashin wannan tambaya ta ƙarshe ne, a bisa mafi ƙarfin zato, ya ci kumbon Mars Polar Lander na hukumar NASA ta Amurka ranar 3 ga Disamba, 1999. Kumbon yana da ƙafafu uku, kowace da sensar da za ta shaida an taɓa ƙasa domin a kashe injunan sauka. Ƙafafun a naɗe suke, sai an kusa ake buɗe su, kuma girgizar buɗewar kan sa sensa ta yi ɗan motsi kamar an dira. Injiniyoyi sun san da haka, har sun tsara cewa kada a saurari sensar sai an kai mita 40 daga ƙasa. Abin da ya kuɓuce musu shi ne manhajar tana rubuta wancan motsi na ƙarya ta ajiye, ba ta gogewa. Da kumbon ya iso mita 40 sai ta duba ta ga ai an rubuta an sauka, ta kashe injuna, ya faɗo. An yi gwajin buɗe ƙafafun tun a duniya, amma a ranar gwajin an haɗa wayoyin sensar ba daidai ba, bayan an gyara kuma ba a maimaita gwajin gaba ɗayansa ba. Kwamitin bincike bai iya cewa tabbas haka aka yi ba, saboda an ƙera kumbon ba ya aiko da rahoton komai a lokacin sauka, wanda shi kansa wani giɓin sa ido ne. Bayan shekara 17 kumbon Schiaparelli na hukumar sararin samaniya ta Turai ya yi makamancin haka a duniyar Mars a Oktoban 2016. Na'urar auna juyawarsa ta cika ta batse na kamar sakan ɗaya, lissafi ya nuna wa kwamfuta cewa kumbon yana ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ta yarda. Ta saki laimar sauka, ta kunna injuna na sakan uku ta kashe, ta fara shirin aikin ƙasa, alhali saura kusan kilomita 3.7 a sama. Yaron da ke aji uku ya san abin da ke rataye a jikin laima ba ya cikin rami, amma ba wanda ya rubuta wa kwamfutar ta yi shakka.

Ga kuma yadda abin yake idan an sa maigadi. A cikin irin waɗannan manhajoji akwai wani agogo da aikinsa kawai ya jira kowane mataki ya ce na gama cikin wa'adi, in bai ji ba ya dakatar da jerin. Ranar 9 ga Afrilu, 2021, ana gwada farfelar ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu Ingenuity a duniyar Mars, kwamfutarsa ta makara wajen sauyawa daga shirin tashi zuwa yanayin tashi, agogon ya katse gwajin. An ɗage ranar tashi, masu jira suka ƙosa, injiniyoyi suka gano matsalar suka gyara jerin umarnin daga nan duniya. Ya tashi ranar 19 ga wata. An tsara masa tashi biyar, ya yi 72. Jinkirin kwana takwas shi ne duk abin da maigadin ya ci.

A nan wani zai ce to ai magana ta ƙare, a sa wa kowane inji jan maɓalli da doka ɗaya, in ka ga abin da ba ka gane ba ka tsaya. Da haka ne da aikin ya yi sauƙi. Tsayawa tana da amfani ne inda tsayuwar ba ta da haɗari, kamar injin Toyoda da ke kafe a ƙasa. Rokar Ariane 5 ta Turai da aka harba daga Kourou ranar 4 ga Yuni, 1996, dokar tsayawa ce ta kashe ta. Kwamfutar da ke gaya wa rokar inda ta fuskanta ta gaji manhajarta ne daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu ta gefe, sai wata lamba ta yi girman da ya fi gurbin da aka tanadar mata, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Kwamfutar ta gano kuskuren, ba ta yi barci ba. Sai ta bi abin da aka rubuta mata, wato ta sanar, ta adana bayani, ta kashe kanta. An yi wannan doka ne da tunanin cewa in ɗaya ta lalace akwai ta biyu, amma ta biyun manhaja iri ɗaya take ɗauke da ita, kuma ta riga ta mutu a kan lamba ɗaya ƙiftawar ido kafin nan. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi saƙon neman agaji ta ɗauka bayanin tuƙi ne, ta karya kan rokar gaba ɗaya, cikin kusan sakan 40 ta wargaje da taurarin ɗan'adam huɗu da take ɗauke da su. Abin takaicin shi ne lissafin da ya jawo haka ba shi da wani amfani bayan an tashi. Da an yi watsi da shi aka ci gaba, da ba abin da ya faru.

Sai a gwada wannan da abin da ya faru ranar 20 ga Yuli, 1969, lokacin da Neil Armstrong da Buzz Aldrin ke gangarawa duniyar wata. Wata na'urar rada da ba a bukatarta wajen sauka ta riƙa cinye lokacin kwamfutar kumbon, aiki ya yi mata yawa, ta fara nuna lambobin gargaɗi 1202 da 1201, har sau biyar. Manhajar da aka rubuta a cibiyar MIT, inda Margaret Hamilton ta jagoranci masu rubuta manhajar tafiyar, tana da jerin fifiko. Idan kaya ya yi nauyi sai ta sake tashi nan take, ta zubar da ƙananan ayyuka, ta ɗora tuƙi da sarrafa inji daga inda ta tsaya. A Houston kuma akwai wani matashin injiniya, Jack Garman, da takarda a gabansa wadda ya rubuta ma'anar kowace lambar gargaɗi da hannunsa, saboda a wani atisaye kwanaki kaɗan kafin tafiyar irin wannan lamba ta fito an soke saukar a banza, aka umarce su su zauna su haddace su. Shi ya ba jami'in da ke kula da tuƙin kumbon, Steve Bales, amsa, aka ce a ci gaba. Kwamfutar Ariane ta ninka ta Apollo ƙarfi nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne masu Apollo sun zauna tun da wuri sun yanke abin da za a iya zubarwa da abin da ba a saki ko ana ha maza ha mata, sun kuma gwada ranar baƙin ciki kafin ta zo.

Ko a masana'anta tsayawa iri-iri ce, shi ya sa ƙa'idojin lantarkin injuna na duniya suka raba ta gida uku: yanke wuta nan take, ko taka birki a hankali sannan a yanke, ko tsayawa da wuta a jiki. Hannun da ke riƙe da gilashin mota da zuƙar iska, in aka yanke masa komai lokaci guda ba tare da tanadi ba, sakin gilashin zai yi a kan duk wanda ke ƙasa.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ban ga amfanin kauce masa ba. Masu shi suna cewa duk layin da aka ƙara a manhaja sabuwar ƙofar kuskure ce, kuma dabarun ceto su kansu sun sha jawo bala'i. Gaskiya ne, garin neman gira akan rasa ido. A Afrilun 2023 kumbon Hakuto-R na kamfanin ispace na Japan yana dab da sauka a wata, ya ratsa ta saman gaɓar wani kwazazzabo mai zurfin kusan kilomita uku, awon tsayinsa ya yi tsalle lokaci guda. Manhajar tana da dabarar watsi da sensar da ta haukace, sai ta yanke hukuncin cewa wannan ta haukace, ta daina sauraronta, alhali gaskiya take faɗa. Kumbon ya ɗauka ya iso ƙasa yana kusan kilomita biyar a sama, ya yi ta saukowa a hankali yana laluben ƙasar da babu har mai ya ƙare. Mafi muni shi ne abin da ya faru a San Francisco ranar 2 ga Oktoba, 2023. Wata mota da mutum ke tuƙawa ta buge wata mata ta wurga ta gaban tasi marar direba ta kamfanin Cruise. Tasin ta taka birki amma ta hau ta, ta tsaya. Da ta ci gaba da tsayuwa da abin ya zo da sauƙi. Sai manhajar ta ɗauka a gefe aka buge ta, ta bi dokar da aka rubuta mata ta gangarawa bakin titi bayan hatsari, ta ja matar a ƙarƙashinta kusan mita shida. Kafin watan ya ƙare hukumar kula da motoci ta California ta dakatar da lasisin kamfanin, a Nuwamba kuma aka janye motoci 950 domin gyaran manhaja.

Amma a duba da kyau abin da waɗannan biyun suka nuna. An sauya wurin saukar Hakuto-R bayan an kammala tsarinsa, gwaje-gwajen kwaikwayo da aka yi kuma ba su wakilci yanayin sabuwar hanyar yadda ya kamata ba. Tasin Cruise ta fara matakin ceto ba tare da ta cika sharaɗinsa ba, wato tabbatar da cewa babu mutum a ƙarƙashinta. Ashe matakin ceto ma mataki ne, yana bukatar tambayoyin nan da ake yi wa sauran, yana bukatar a gwada shi fiye da su, domin shi kaɗai ne ke aiki a lokacin da komai ya riga ya rikice. Hanyar yau da kullum ana bin ta sau dubu a rana, kurakuranta suna fitowa da kansu. Hanyar ceto sai ta shekara ba a taka ta ba, ranar da aka taka ta kuwa babu damar gyara. Maganin gyaran gangar Auzinawa shi ne a kai gangar wurin wanda ya iya, kuma a buga ta a ji kafin ranar biki.

Masu cewa ba za a iya hango duk abin da zai faru ba su ma sun yi gaskiya, sai dai ba a ce su hango ba. Dalilan da za su hana kwali kamuwa ba su ƙidayuwa, amma shaidar cewa bai kamu ba ɗaya ce, wuraren fakewa kuma kaɗan ne: a sake gwadawa sau biyu, a ajiye a gefe, a koma baya zuwa inda aka san lafiya, ko a kira mutum. Ƙarfen Toyoda bai san abin da ya tsinka zaren ba, bai kuma bukaci sani ba. Shi kuma kiran mutum, wanda kamfanoni ke son fakewa da shi, sai an ba mutumin lokaci da bayani yake zama tsari. A Tempe ta jihar Arizona, daren 18 ga Maris, 2018, motar gwaji ta Uber ta hango wata mata tana tsallaka titi da keke sakan 5.6 kafin ta buge ta. Manhajar ta yi ta sauya ra'ayi, yanzu mota ce, yanzu keke ne, yanzu wani abu ne daban, duk sauyi kuma sai ta manta inda abin ya fito. Da ta gane haɗari saura sakan ɗaya da ɗoriya, an tsara mata ta yi jinkirin sakan ɗaya don kada ta riƙa taka birki a banza, an kuma kashe birkin gaggawa na ainihin motar. Ma'aikaciyar da ke bayan sitiyari hankalinta na kan waya, laifinta a fili yake, amma tsarin da ya dogara da mutumin da ya yi awanni yana zaune ba ya komai ya farka cikin sakan ɗaya ya riga ya faɗi tun a takarda. Matar ta rasu. Sababbin manhajoji masu koyo daga misalai ba su rage wannan bukata ba, ƙara ta suka yi, domin wanda ya horar da su ma ba zai iya rantsuwa a kan abin da za su yi a yanayin da ba su taɓa gani ba, don haka dole a ɗora musu wani maigadi mai sauƙin fahimta a sama.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen Mars da Amurka ne kawai. Duk wanda injin ATM ya taɓa zare wa kuɗi a asusu ya hana shi takarda ya san ciwon jerin matakan da ya katse a tsakiya ba tare da hanyar komawa baya ba. Abin ya yi yawan da a 2020 sai da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa mayar da kuɗin nan take idan injin na bankin mai kati ne, cikin awa 48 kuma idan na wani bankin ne. Wannan kuɗi ne, ana iya mayarwa. Injunan da ke shigowa masana'antunmu da asibitocinmu suna da hannu da nauyi, kuma yawancinsu an rubuta manhajarsu ne a inda ɗauke wuta labari ne na shekara. A nan kuwa ɗauke wuta da sauyawa zuwa janareta abincin kullum ne, ƙurar hunturu tana rufe idon sensa, zafin bazara yana gasa akwatin lantarki, intanet yana zuwa yana tafiya. Abin da mai ƙera injin ya ɗauka tsautsayi ne na nadiri, a wurinmu abin yau da kullum ne. Jiragen Zipline marasa matuƙi da ke kai jini da magunguna a Gana tun 2019, da jihar Kaduna tun 2022, suna ɗauke da laimar da za ta sauko da jirgin gaba ɗayansa a hankali idan ya kasa ci gaba kuma ya kasa komawa gida, irin tanadin da ya kamata a nema ke nan a duk abin da zai yi motsi a kan mutane.

Saboda haka mai masana'antar da zai sayi mutum-mutumi kada ya gamsu da kallonsa yana aiki. Ya sa a yanke wuta hannun yana sama da kaya, ya ga abin da zai yi, ya ga kuma ko zai san inda ya tsaya idan wuta ta dawo ko kuwa zai fara daga farko ya afka wa abin da ke gabansa. Ya toshe sensa ɗaya da tsumma. Ya nemi a nuna masa inda injin ke rubuta tarihin kowane mataki da kowace tangarɗa, ya tabbatar ma'aikatansa za su iya karantawa ba sai an ɗauko wani daga waje ba, ya sa duk wannan a cikin yarjejeniyar saye kafin ya biya. Cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi da hukumar NITDA ta buɗe a Abuja a 2020, da jami'o'i da kwalejojin fasaha da ke shirya wa matasa gasa, su ma akwai abin da ke hannunsu, kuma ba ya cin ko kwabo. A ranar gasa alƙali ya ɗauke kwalin daga inda aka saba ajiye shi, ko ya zare waya ɗaya ana tsakiyar aiki, ya ba da rabin makin a kan abin da injin ya yi bayan nan.